Daga ƙaramar da'ira zuwa Daytona: matakan da matashin direba ke hawa a tseren NASCAR

Tseren motocin da Amurkawa ke kira "stok ka" ya samo sunansa ne tun daga farkon lamarin, lokacin da mutum kan ɗauki motar da aka saya a kasuwa, ya rubuta mata lamba a ƙofa, ya shiga fili da ita a fafata. Hukumar NASCAR, wadda Bill France ya kafa a garin Daytona Beach na jihar Fulorida a 1948, ita ce ta tattara wannan sha'awa ta mayar da ita sana'a mai doka da lasisi. Motocin yau sunan kawai suka gada, domin ƙirar tsere ce tun daga ƙarfen ciki har jikin waje. A babbar gasar, wato gasar Kofi, yawanci motoci 40 ne iyakar waɗanda ake bari su tashi a tsere guda, kuma 36 daga cikinsu suna da gurbi tabbatacce tun da aka shigo da tsarin mallakar gurbi a 2016. Dubban yara ne ke hangen waɗannan 'yan kujeru. Wanda ya bi tarihin waɗanda suka isa zai ga cewa kowane mataki na hanyar yana da darasi guda da ba a koyonsa a wani wuri, kuma direban da ya tsallake mataki saboda ɗoki, ko saboda akwai kuɗi a hannu, yakan biya bashin wannan darasi daga baya a gaban kyamarori, inda kuskure ya fi tsada.

Mataki na farko: shekara 5 zuwa 12

Da rarrafe yaro kan tashi, kuma rarrafen wannan sana'a shi ne ƙananan motoci marasa rufi da ake kira kwata-mijit, waɗanda yara daga shekara 5 zuwa 16 ke tuƙawa a kan da'irar da ba ta fi kashi ɗaya cikin ashirin na mil ba. Jeff Gordon, wanda ya zama zakaran gasar Kofi sau huɗu, a nan ya fara yana ɗan shekara 5, Joey Logano kuma yana ɗan shekara 6. Wasu iyayen sukan zaɓi go-kat, a kan kwalta ko a kan turɓaya. Kyle Larson a filayen turɓaya na Kalifoniya ya girma, kuma har yau ana ganin alamar hakan a yadda ba ya tsoron mota idan bayanta ya fara zamewa.

Abin da ake nema a waɗannan shekaru kaɗan ne: yaro ya san ma'anar tutoci, kore ta tashi, rawaya ta rage gudu, ja ta tsayawa, fara ta zagayen ƙarshe, baƙa ta fitowa daga fili, ya iya riƙe layinsa a kwana ba tare da ya bangaji na kusa da shi ba, ya kuma iya shan kaye ba tare da ya jefar da hular kwano ba. Daga kimanin shekara 8 ana iya matsawa zuwa Bandolero, ƙaramar mota mai rufi da inji mai ƙarfin doki kusan 30, wadda ita ce ta farko da za ta ba yaro yanayin zama cikin rufaffiyar mota. Kada iyaye su zuba dukiya a wannan mataki don neman kofuna, domin babu mai ƙungiyar da zai tambayi direba kofi nawa ya ci yana ɗan shekara 9. Inda ya kamata kuɗin ya tafi shi ne kayan kariya: hular kwano mai inganci, rigar da wuta ba ta ci, kujerar da ta dace da jikin yaron, da na'urar riƙe kai da wuya, wadda NASCAR ta wajabta a manyan gasanninta a watan Oktoba na 2001, watanni takwas bayan rasuwar fitaccen direba Dale Earnhardt a zagayen ƙarshe na Daytona 500, tsere mafi shahara a gasar Kofi.

Mataki na biyu: motocin Legends da tuƙin kwamfuta

Daga kimanin shekara 12 sai a shiga Legends. An fito da waɗannan motoci ne a filin Charlotte da ke jihar Karolina ta Arewa a 1992, an ƙera su da siffar motocin Amurka na shekarun 1930 da 1940 amma a ƙanƙance, aka ɗora musu injin babur ƙirar Yamaha. Ƙarfin injin ya fi ƙarfin tayoyin, tsakanin tayar gaba da ta baya kuma gajere ne, saboda haka duk wanda ya danna totur da garaje a bakin kwana zai tsinci kansa yana kallon inda ya fito. Wannan shi ne darasin matakin gaba ɗaya: ƙafar dama ta koyi ladabi. Tun da dokar gasar ta hana taɓa cikin inji yadda aka ga dama, bambancin da ake gani yawanci na direba ne da na saitin mota. Kowace bazara ana yin jerin tsere na mako-mako a kan da'irar rubu'in mil da ke gaban rumfar 'yan kallo ta filin Charlotte, kuma da yake yawancin manyan ƙungiyoyi a wannan yanki suke, yaron da ya yi fice a can ba ya rasa mai ganinsa.

A wannan lokaci ne ya dace a ɗauki tuƙin kwamfuta da muhimmanci. William Byron, wanda daga baya ya zama direban gasar Kofi, bai taɓa zama cikin motar tsere ta gaske ba sai da ya kai kusan shekara 15. A manhajar iRacing ya koyi layin kwana da lokacin taka birki, sannan ya shawo kan mahaifinsa aka saya masa Legends. Rajah Caruth ma ta wannan ƙofa ya shigo. Sai dai a fahimci iyakar abin: kwamfuta tana koyar da ido da hannu, amma ba ta koyar da zafin da ke cikin mota, da tsoron bango, da abin da mutum ke ji a gadon bayansa daƙiƙa guda kafin taya ta saki kwalta. Kuma abin da aka faɗa a can ana jin sa a duniya. A 2020 Larson ya furta kalmar wariyar launin fata a wani tseren kwamfuta da ake watsawa kai tsaye, masu ɗaukar nauyinsa suka janye, ƙungiyarsa ta sallame shi, NASCAR ta dakatar da shi har ƙarshen kakar.

Mataki na uku: Late Model, inda ake zama direba

Idan akwai matakin da bai kamata a yi masa gaggawa ba, to wannan ne. Late Model ita ce mota ta farko mai cikakken girma da injin silinda takwas da matashi zai tuƙa, yawanci daga shekara 14, a gajerun filaye irin su Hickory a Karolina ta Arewa, wanda tsawonsa mil 0.363 ne, da South Boston a Birjiniya, da Five Flags a Pensacola ta Fulorida. Ana fafatawa kusan kowane daren Asabar, kuma abokan karawar ba yara ba ne. Akwai magidanta da suka yi shekara ashirin suna zagaya fili guda, sun san kowane tsagu da ke kan kwaltarsa, kuma su ne ke gyara motarsu da hannunsu bayan sun tashi daga wurin aiki. Yaron da ya lotsa wa irin wannan mutum mota don rashin haƙuri zai ga sakamako a mako mai zuwa, tun kafin a kai kwana ta biyu.

Abu na farko da za a koya a nan shi ne yi wa shugaban makanikai bayanin mota. Mota a kwana tana da halaye biyu. Ko dai ta yi taurin kai, wato direba ya murɗa sitiyari amma gabanta ya ci gaba da miƙewa zuwa bango, ko kuma ta saki baya, wato ƙugunta ya nemi ya riga hancinta. Faɗin "motar ba ta da daɗi" ba ya amfanar kowa. Ana raba kowace kwana gida uku, shiga da tsakiya da fita, kuma direban da ya san aikinsa zai ce ta rediyo: "Tana sakin baya wajen shiga idan na ɗora birki, tana taurin kai a tsakiya, wajen fita ba laifi." Da wannan jimla ɗaya shugaban makanikai ya san ko iskar taya zai rage, ko sifirin zai canja, ko nauyin da ke kan kowace taya zai daidaita, ko rabon birki tsakanin gaba da baya zai taɓa. Da motar ta shigo bayan gwaji za a ga wani ya durƙusa da ma'aunin zafi yana soka shi a wuri uku a faɗin kowace taya, gefen ciki da tsakiya da gefen waje, yana kiran lambobi wani na rubutawa. Ya kamata matashin ya cire hula ya tsaya a kansu yana saurare, ya kuma buɗe littafin kansa da zai riƙa rubuta fili, da yanayin rana, da saitin mota, da abin da ya ji. Wannan littafi zai fi masa amfani fiye da kowane kofi da ke kan kanta.

Abu na biyu shi ne tattalin taya. Kwaltar Hickory da ta Five Flags tsofaffi ne masu kaushi, suna cin roba kamar magagari. A tsere mai zagaye 150 ko 200, wanda ya fito da dukkan ƙarfinsa zai yi gaba a zagaye 40 na farko, ya ji daɗin ihun 'yan kallo, sannan ya ga tsofaffin da ya wuce suna dawowa ɗaya bayan ɗaya suna barinsa, domin tayar damarsa ta gaba ta riga ta ƙone. Koyon tafiya a hankali da gangan, ana kallon wasu suna wucewa, shi ne abin da ya fi wahala ga ɗan shekara 15, kuma shi ne abin da masu ƙungiyoyi suka fi lura da shi.

Abu na uku shi ne sa hannu a gareji. Direban da ya taɓa kwana yana miƙe ƙarfen da ya lanƙwasa da kansa yana da wuya ya sake cusa hanci inda babu hanya.

Tsarin da ya dace shi ne a yi kaka ɗaya cikakkiya a filin gida, a nemi zama zakaransa, sannan a shiga gasa mai yawo tsakanin filaye, kamar CARS Tour, wadda tun 2023 take hannun Dale Earnhardt Jr. da Kevin Harvick da Jeff Burton da Justin Marks. Bayan haka a nufi manyan tseren shekara, irin su mai zagaye 300 da ake kira Snowball Derby a Pensacola kowace Disamba. Darajar wannan tsere ita ce manyan direbobin gasar Kofi sukan sauko su shiga, don haka matashi yana samun ma'aunin da babu mai musunsa. Chase Elliott ya ci shi a 2011 yana ɗan shekara 16. A 2012 Erik Jones, shi ma ɗan shekara 16, ya yi kafaɗa da kafaɗa da Kyle Busch, babban direban gasar Kofi, a zagayen ƙarshe-ƙarshe ya kuma doke shi. Busch bai riƙe abin a zuciya ba, sai ma ya ba shi kujera a ƙungiyarsa ta motocin a-kori-kura, inda Jones ya zama zakara a 2015. Ƙa'idar da zan ba kowane uba ita ce kada a bar wannan mataki sai yaron yana cin tsere a filayen da ba nasa ba. Daɗewa a nan ba ya kashe sana'a. Josh Berry ya shafe kusan shekara goma yana tuƙa Late Model a ƙungiyar Earnhardt Jr., ya zama zakaran ƙasa na gasar mako-mako a 2020, ya shiga gasar Kofi cikakkiya a 2024 yana da shekara 33, ya kuma ci tsere a Las Vegas a 2025.

Maganar kuɗi, wadda ba a iya kauce mata

Daga nan zuwa sama, yawancin kujeru saye ake yi. Ƙungiya tana da mota da makanikai, direba kuma ya zo da kuɗin kaka, ko daga aljihun iyaye ko daga kamfanin da za a liƙa sunansa a jikin mota. Kaka guda a ƙungiya mai ƙarfi a manyan gasannin ƙasa tana cin miliyoyin daloli. Gwaninta ba ta isa kariya ba: Brett Moffitt ya zama zakaran gasar a-kori-kura a 2018, amma bayan 'yan makonni ƙungiyarsa ta sake shi domin tana buƙatar direban da zai kawo kuɗi. Ross Chastain, ɗan manoman kankana daga Fulorida, ya yi shekaru a ƙananan ƙungiyoyi kafin ya samu tsere uku a mota mai kyau a 2018, ya ci ɗaya, aka ba shi kujerar kaka mai zuwa, sai hukumomi suka kai samame kamfanin da zai ɗauki nauyinsa a watan Disamba, kujerar ta bi iska. Ko Elliott, wanda mahaifinsa tsohon zakara ne, ya kusa rasa motar da zai tuƙa a 2014 sai da kamfanin NAPA ya shigo a watan Janairu.

Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, neman mai ɗaukar nauyi yana farawa ne tun a Late Model, daga kantunan gari da ƙananan kamfanoni. Kada a je musu da roƙo. A je da lissafin abin da za su samu: mutum nawa ke zuwa fili, sau nawa direba zai kawo motar gaban shagonsu, waɗanne abokan ciniki za a gayyata rumfar ƙungiya. Matashin ya koyi tsayawa gaban makirufo bayan an fitar da shi daga tsere ya yi magana ba zagi, domin kamfanoni suna kallon wannan fiye da yadda suke kallon bikin nasara. Kuma kafin a sa hannu a kowane kwantiragi, lauyan da ya san harkar ya karanta shi, musamman sashen da ya bayyana wanda zai biya kuɗin mota idan ta yi haɗari.

Akwai shawara guda da ta fi sauran nauyi. Idan kuɗin da ke hannu zai isa kaka cikakkiya a mota mai rauni, ko kuma tsere shida a mota mai iya cin nasara, to na biyun ya fi, domin babu mai tuna wanda ya zo na 22 sau ashirin. Haka kuma a nemi shiga shirin rainon direbobi na kamfanonin Toyota ko Chevrolet ko Ford, waɗanda ke ba da na'urar kwaikwayon tuƙi da masu horar da jiki, wani lokaci har da kujera. NASCAR kanta ta buɗe wani shiri a 2004 mai suna Drive for Diversity domin mata da 'yan tsirarun al'ummomi, kuma ta nan Larson da Bubba Wallace da Daniel Suárez da Caruth suka biyo. A wannan gaɓa kuma iyali da yawa sukan tattara su koma yankin Charlotte, musamman garin Mooresville, domin a can garejin ƙungiyoyin suke, kuma wanda ake gani kullum shi ake tunawa idan kujera ta samu.

Mataki na huɗu: ARCA

Gasar ARCA, wadda aka kafa a 1953 kuma NASCAR ta saye ta a 2018, tana da babban reshe na ƙasa da rassa biyu na Gabas da Yamma. Ɗan shekara 15 yana iya shiga gajerun filaye, amma manyan filayen Daytona da Talladega sai an cika 18. Amfaninta shi ne a nan direba ke fara haɗuwa da mota mai nauyi a babban fili, inda iska ta zama abokiyar hamayya. Idan mota ta bi bayan wata a kwana, iskar da ya kamata ta danne hancinta ƙasa ta riga ta hargitse, sai ta yi taurin kai. A miƙaƙƙiyar hanya kuma fakewa a bayan ta gaba yana ƙara gudu. Sai dai tazarar da ke tsakanin manyan ƙungiyoyin ARCA da ƙanana tana da faɗi ƙwarai, har ta kai zuwa na biyar a mota mai kyau ba abin alfahari ba ne. Kaka ɗaya ko biyu ta isa, kuma yana da kyau a ci gaba da tuƙa Late Model a tsakani.

Mataki na biyar: motocin a-kori-kura

Wannan ita ce ta farko da direba ke shiga cikin gasannin NASCAR uku na ƙasa, an fara ta a 1995. Dokar shekarunta tana da tarihi. A 2001 an hana Kyle Busch, yana ɗan shekara 16, shiga tsere a Fontana ta Kalifoniya, domin wani kamfanin taba ne ke ɗaukar nauyin bikin ƙarshen makon, kuma yarjejeniyar da kamfanonin taba suka yi da jihohi ta hana sa yara a irin wannan taro. Bayan haka NASCAR ta ɗaga mafi ƙarancin shekaru zuwa 18. A 2013 aka sassauta, aka bar 'yan shekara 16 su shiga gajerun filaye da masu lanƙwasa hagu da dama, kuma a shekara mai bi Cole Custer ya ci tsere a New Hampshire yana ɗan 16. Tun da dokokin shekaru suna sauyawa, a karanta littafin dokar shekarar kafin a tsara kaka.

Shekaru kaɗai ba sa buɗe ƙofa. Direba yana miƙa wa hukumar tarihin tserensa, ita kuma tana ba shi izini daki-daki: gajerun filaye irin su Martinsville mai mil 0.526 da farko, sai masu mil ɗaya da rabi irin su Kansas da Las Vegas, sannan Daytona mai mil 2.5 da Talladega mai mil 2.66, inda kwanar ta karkata har digiri 33. Ya kamata a tsara tseren da za a saya bisa wannan jeri, don kada mai ɗaukar nauyi ya biya kuɗin filin da ba a ba direba izininsa ba.

Sabbin abubuwa biyu ne ke kayar da baƙi a nan. Na farko shi ne layin canjin taya, inda akwai iyakar gudu amma motar ba ta da ma'aunin gudu, sai dai direba ya dogara da ma'aunin juyawar inji da 'yan fitilun da ke gabansa. Ya zarce kaɗan a hukunta shi, ya tsaya a karkace cikin akwatinsa ya ɓata wa mai jak da masu taya daƙiƙu. Na biyu shi ne mai hange, mutumin da ke tsaye a saman rumfa da madubin hangen nesa yana magana cikin kunnen direba: "Mota a waje, tana nan, tana nan, ka fita." Kujera da hula sun hana direba waiwaye, saboda haka dole ya miƙa wuyansa ga muryar da ba ya ganin mai ita. A zaɓi mai hange gogagge, a kuma zauna da shi a kalli bidiyon tseren bara kafin a je kowane fili, domin tun daga 2020 lokacin gwaji ya ragu zuwa 'yan mintoci.

Mataki na shida: gasa ta biyu

Sunan wannan gasa yana bin kamfanin da ke ɗaukar nauyinta: an san ta da Busch, sai Nationwide, sai Xfinity daga 2015, sai O'Reilly Auto Parts daga 2026. Yawanci ranar Asabar ake yin ta a filin da za a yi gasar Kofi washegari, saboda haka masu ɗaukar direbobi suna nan suna kallo. Tseren ya fi tsawo, kakar ta haura tsere 30, kuma wasu direbobin Kofi sukan sauko a iyakantattun lokuta, abin da ke ba matashi damar auna kansa. A nan jiki ke fara magana, domin zafin cikin mota yakan kai digiri 50 a ma'aunin Salsiyos, kuma wanda bai horar da zuciya da wuya ba hankalinsa yakan raunana a zagayen ƙarshe. Elliott ya zama zakaranta a 2014 yana ɗan shekara 18, Suárez ɗan Meziko ya ci ta a 2016, wanda ya sa ya zama haifaffen wata ƙasa na farko da ya ɗauki kofin gasar ƙasa ta NASCAR, Byron kuma ya biyo baya a 2017.

Ga wanda ke wajen Amurka, akwai gasannin NASCAR a Meziko da Kanada da Turai da Birazil, kuma ta Meziko Suárez ya fito. Amma duk gwanintar da mutum ya zo da ita, filayen da'ira sai an koya. Shane van Gisbergen ɗan Niyu Zilan ya ci tserensa na farko a gasar Kofi a titunan Chicago a 2023, duk da haka sai da ya yi kakar 2024 cikakkiya a gasa ta biyu kafin a ba shi kujera ta dindindin.

Mataki na bakwai: gasar Kofi

Tambayar da ke gaban direba a nan ita ce ko lokaci ya yi, kuma labarin Logano ya isa amsa. Ya ci tsere a gasa ta biyu a Kentucky a 2008, makonni uku bayan ya cika 18, aka yi ta yaba shi a matsayin gwanin zamaninsa. A 2009 ƙungiyar Joe Gibbs ta ɗora shi a mota mai lamba 20 da Tony Stewart ya bari, ba tare da ya yi ko kaka ɗaya cikakkiya a gasa ta biyu ba. Ya ci tsere a New Hampshire a wannan shekara yana ɗan 19, wanda ruwan sama ya katse, amma a kaka huɗu nasara biyu kawai ya samu, kuma a ƙarshen 2012 aka ba wani kujerarsa. Sai da Roger Penske ya ɗauke shi a 2013 sannan abin da aka gani a gare shi tun yana yaro ya fito, ya zama zakara a 2018 da 2022 da 2024. Mutane da yawa da aka ɗaga da wuri irinsa ba su samu wanda zai ba su dama ta biyu ba.

Saboda haka kafin a karɓi tayin gasar Kofi a duba abubuwa uku tare: ko direban ya yi aƙalla kaka ɗaya ko biyu yana cin tsere a kowane irin fili a gasa ta biyu, ko ƙungiyar da ke kiransa tana da gurbi tabbatacce da motar da za ta iya shiga goman farko, da kuma tsawon kwantiragin, domin shekara guda ba ta isa koyo ba. Motar ma daban ce. Tun 2022 ana amfani da ƙirar da ake kira Next Gen, mai giya biyar da ake turawa gaba da baya a jere, da tayoyi masu noti guda a tsakiya, da ƙafafun baya masu motsi kowacce da kanta, kuma ba ta yafe zamewar da motar gasa ta biyu ke yafewa. Tsere 36 ne masu maki daga Fabrairu zuwa Nuwamba, mafi tsawonsu mil 600 a Charlotte, makanikai kuma suna canja taya huɗu cikin kimanin daƙiƙa 10.

A shekarar farko, burin da ya dace shi ne a kammala zagaye, a dawo da mota lafiya, a kuma samu amincewar tsofaffi, domin a Daytona da Talladega, inda motoci ke tafiya a dunƙule suna tura juna, babu wanda zai bi bayan direban da bai yarda da hannunsa ba. Iyali da masu ɗaukar nauyi su shirya wa jira. Elliott, da yake zakaran gasa ta biyu kuma a ƙungiyar Hendrick, sai a tserensa na 99 ya ci nasarar farko, a Watkins Glen a 2018. Byron, a ƙungiya ɗaya da shi, sai a kakarsa ta uku ya ci tasa, a Daytona cikin watan Agusta na 2020, kuma sai bayan wasu shekaru uku da rabi ya ɗauki Daytona 500 ta 2024, ya sake ɗaukarta a 2025.